Tambarin da Ke Gindin Tangaran: Me Yake Iya Faɗa Game da Shekarunsa?

"Assalamu alaikum Malam. Tangaran ɗin kakata, Allah ya jiƙanta, ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifiyata, kuma guda huɗu a ciki sun ɗaure mini kai. Akwai farin faranti mai nauyi, a bayansa hoton zaki da wata dabba kamar doki mai ƙaho ɗaya, an rubuta Royal Ironstone China, Johnson Bros, England. Akwai kwano mai furanni ja da kore, a gindinsa wata dabba a kwance mai kan mutum, an rubuta Petrus Regout & Co, Maastricht, Made in Holland. Na uku ɗan ƙaramin kwano ne marar nauyi, da jan hatimi mai kusurwa huɗu na rubutun Sin. Ɗana ya haska shi da waya ta fassara wai an yi shi a zamanin sarki Qianlong, shi kuwa ya lissafa ya ce shekara 250 ke nan, kuɗi ne masu yawa. Na huɗu kofi ne ruwan ƙasa mai kauri, da ɗan tambari kamar ajami kusa da gindi. Shin waɗannan tambura za su gaya mini inda aka yi kayan da shekarunsu? Kuma maganar yaron nan tana kan hanya?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan magabata, ya sa suna kyakkyawan matsayi. Abu biyu kike nema: ko tambari zai iya nuna garin da aka gasa tangaran da lokacin da aka gasa shi, sannan ko ɗan kwanon nan na Sin ya kai shekarun da aka ɗora masa. A kan kayan Turai amsar ita ce e, sau da yawa har a kusanci lokacin da tazarar shekara 20 zuwa 30. A kan na Sin kuwa, hatimi shi kaɗai ba ya yanke hukunci ko kaɗan.

Ga ƙa'idar da nake aiki da ita. Tambari yana gaya miki shekarar da kaya ba za su girme ta ba, amma ba ya gaya miki ranar da aka yi su. In kamfani ya fara aiki a 1883, farantin da ke ɗauke da sunansa ba zai zama na 1860 ba, sai dai yana iya zama na 1890 ko na 1910, domin kamfani kan yi shekaru yana buga hatimi iri ɗaya. Ban da haka, tambari shi ne abin da ya fi sauƙin kwaikwaya a jikin tangaran. Shi ya sa in aka ɗora mini kaya a tebur, gindi ne abu na ƙarshe da nake juyawa in karanta. Mai sayen rago ba ya tsayawa ga shekarun da mai rago ya faɗa, sai ya buɗe baki ya ga haƙora.

Abin da ake dubawa kafin rubutu

Ki ɗaga kowanne ki sa fitilar waya a bayansa cikin ɗaki mai duhu. Wanda haske ya ratsa shi har kika ga inuwar yatsunki, wannan shi ne tangaran na ainihi, wanda aka haɗa da farin yumɓu aka gasa da wuta mai tsanani. Wanda ya toshe haske galibi yumɓu ne da ba a gasa da wuta mai tsanani haka ba, aka lulluɓe shi da ruwan gilashi, wato abin nan da ke ba shi santsi da sheƙi. Ina sa ran farantin Ingila da kwanon Holland duka za su toshe haske, ɗan kwanon Sin kuma zai bari ya wuce. Ki ɗora kowanne a tafin hannu ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce: mai lafiya yana amsawa da ƙara mai ja, wanda ya tsage ko aka liƙe yana yin sauti a dushe.

Daga nan sai zoben gindi, inda kwano ke zama a ƙasa, domin nan ne kawai ake ganin yumɓun tsirara ba gilashi. Gindin da ya shekara ɗari ana jan sa a kan katako yakan yi sumul, ya ci a wuraren da yake taɓa ƙasa kaɗai. Wanda aka tsufar da gangan ana goge shi da samfefa ko a jiƙa shi a shayi, sai ki ga ƙarce sun bi hanya ɗaya kuma dattin ya zauna daidai wa daida ko'ina, abin da amfani na gaskiya ba ya yi.

Shi kansa tambarin iri-iri ne. Akwai wanda aka danna cikin ɗanyen yumɓu kafin gashi, za ki ji ramin da yatsa, kuma shi ya fi wuyar ƙarawa daga baya. Akwai wanda ke ƙarƙashin ruwan gilashi, galibi shuɗi ko kore ko baƙi, farce yana wucewa a kansa sumul. Sai wanda aka ɗora a kan gilashin, sau da yawa ja ko ruwan zinari, farce yana ɗan jin tudunsa. Wannan na ƙarshe kowa na iya sa shi a kowane lokaci, ko da shekaru bayan an gasa kwanon.

Farantin zaki

Kalmar China da ke jikinsa ba ta nufin a Sin aka yi shi, sunan irin kayan ne a wajen masu sana'ar a Ingila. Ironstone kuwa wani yumɓu ne mai tauri da nauyi da gidan Mason suka yi wa rajista a 1813, daga baya kamfanoni da yawa suka ɗauki sunan. Zakin da dokin mai ƙaho tambarin masarautar Birtaniya ne, kuma masu tangaran sun yi ta buga shi don jawo mai saye, ko an ba su izini ko ba a ba su ba. Saboda haka ganinsa ba ya nufin farantin ya taɓa shiga fada.

Abin da ke da amfani shi ne suna da ƙasa. Johnson Brothers sun buɗe a Hanley, cikin yankin Stoke-on-Trent, a 1883. Wannan ya ba mu iyaka ta farko. Kalmar England ta ƙara matso da ita: a 1890 Amurka ta kafa dokar harajin McKinley, wadda ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata, daga 1891 kuma masu tangaran na Ingila suka riƙa ƙara sunan ƙasarsu. Cikakken Made in England yawanci na ƙarni na 20 ne. Su Johnson sun bar tambarin zaki sun koma na kambi a wajen 1913. In kika haɗa waɗannan, farantinki ya faɗa tsakanin 1891 da farkon yaƙin duniya na ɗaya, muddin jikinsa bai ƙaryata rubutun ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi da dokar nan ta 1891, har a bakin dillalai. Sai su ce duk farantin da babu England a jikinsa ya girmi 1891. Ba haka ba ne. Dokar ta Amurka ce, kayan da aka yi don kasuwar cikin gida ko don ƙasashen da Ingila ke mulka ba ta hau kansu ba. Kasancewar kalmar hujja ce mai ƙarfi, rashinta ba hujja ba ce. Wasu kamfanoni ma sun fara sa ta tun kafin dokar.

Tunda huɗun nan ba su kaɗai ne kayan ba, ga wasu alamu na Ingila da za ki iya cin karo da su a sauran. In kin ga ɗan zane mai siffar daiman da Rd a tsakiya da IV a samansa, alamar rajistar zane ce da aka yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, kuma haruffan da ke kusurwoyinta suna ba da rana da wata da shekara. Daga 1884 aka koma Rd No da lamba, aka fara daga 1, zuwa farkon 1900 lambar ta kai wajen 351,000. Amma ranar da aka yi wa zanen rajista ke nan, ana iya ci gaba da buga shi shekaru bayan haka. Ltd ba ya zuwa kafin shekarun 1860, kuma bai yawaita ba sai daga 1880. Bone China a rubuce na ƙarni na 20 ne. Duk abin da ya ambaci injin wanke kwanuka ya zo bayan tsakiyar shekarun 1950. Manyan gidaje kuma suna da nasu lissafin: Minton sun fara danna alamar shekara a 1842, Wedgwood suka fara haruffa uku a 1860, Royal Worcester suka fara ƙara ɗigo ɗaya kowace shekara daga 1892. Doulton bai zama Royal Doulton ba sai 1902. Ki kula da sunan Wedgwood musamman, domin Wedgwood & Co wani kamfani ne dabam, ba gidan Josiah Wedgwood na 1759 ba.

Sunayen ƙasashe ma kalanda ne. Nippon, wato Japan, na 1891 zuwa 1921 ne, Occupied Japan na bayan yaƙin duniya na biyu zuwa 1952, Czechoslovakia ba ta wanzu kafin 1918 ba, West Germany kuma 1949 zuwa 1990.

Batun kuɗi, gara in faɗa miki tun yanzu. Farin ironstone na Johnson an yi shi da yawan gaske don amfanin yau da kullum. Tsohon kaya ne na gaskiya, amma ba mai tsada ba.

Kwanon Maastricht

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Petrus Regout ya fara gasa tangaran a Maastricht a 1836. Dabbar nan mai kan mutum, irin gunkin Masar, ta hau tambarin ne bayan rasuwarsa a 1878, kuma a 1899 kamfanin ya ɗauki sunanta, De Sphinx, duk da cewa sunan Regout ya ci gaba da fitowa a gindin kaya shekaru da dama. Made in Holland ya kai shi bayan 1891. Furannin ja da kore da kika ambata, in za ki duba da kyau, wataƙila da buroshi aka ja ganyen da sauri, ƙananan kuma da yankakken soso aka danna su, shi ya sa babu biyu da suka zama iri ɗaya. Kaya ne da aka yi musamman don kasuwannin nesa.

A nan tarihin gida yana taimakawa fiye da littafi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma bayansa ne kantunan Turawa irin su John Holt da kamfanin Neja, wanda ya shiga cikin UAC a 1929, suka cika kasuwa da kayan Turai, tangaran ya samu wuri a jeren amare kusa da tasoshi da kwanuka. In kin san shekarar auren kakarki, ko shekarar da ita ko mijinta suka sauke farali, kin samu wata iyaka da babu tambarin da zai ba ki. A kayan da nake gani daga gidajen Arewa, mafi yawan na Turai na tsakanin 1900 da 1960 ne.

Jan hatimin sarki

Wayar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka rubuta ta karanta. Sarki Qianlong na daular Qing ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, lissafin ɗanki kuma daidai ne. Inda aka samu tangarɗa shi ne ɗaukar rubutun a matsayin takardar haihuwa.

Hatimin zamanin sarki yawanci haruffa shida ne ko huɗu, ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu. Mai shida yana cewa an yi a zamanin sarki wane na babbar daula kaza, mai huɗu yana barin sunan daular. Al'adar ta kafu a ƙarni na 15, musamman zamanin Xuande na daular Ming, 1426 zuwa 1435, a manyan wuraren gashi na garin Jingdezhen. Amma tun da daɗewa maginan Sin suke sa sunan sarkin da ya shuɗe a kan sabon aiki, wani lokaci don girmama zamanin da suke ganin sana'ar ta kai ƙololuwa, wani lokaci don ciniki kawai. A zamanin Kangxi, 1662 zuwa 1722, an yi kaya masu yawa da sunan Chenghua, wanda ya yi mulki 1465 zuwa 1487. A zamanin Guangxu, 1875 zuwa 1908, sai aka koma sa sunan Kangxi. Sunan Qianlong kuwa ya fi kowanne shan wahala a ƙarni na 20. Shi ya sa a kasuwar gwanjo ta duniya ba a cewa kwano na Qianlong ne sai an ƙara da cewa hatimi da zamani sun dace, kuma a kan wannan ƙarin ne farashi yake tashi. Wani ɗan kofi mai zanen kaji na Chenghua da aka sayar a Hong Kong a 2014 a kan kimanin dala miliyan 36, sunan da ke gindinsa yana gindin dubban kwafi da ba su kai kuɗin cefane ba.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, yawancin tangaran ɗin da Sin ta fitar zuwa ƙasashen waje a ƙarni na 18 ba shi da hatimin sarki sam. Har ma a 1677 mai mulkin Jingdezhen ya hana sa sunan sarki a kan kayan da za su iya fashewa a zubar, shi ya sa ake samun na Kangxi na gaskiya da zobe biyu shuɗi babu komai a ciki, ko ɗan ganye. Wato gindi wayam yana iya girmar gindi mai sunan sarki.

To naki fa? Ki samu gilashin ƙara girma, ko ki ja kyamarar waya kusa. Hatimin gidan sarki da hannu ake rubuta shi, mutanen da aikinsu ke nan, layukan suna da kauri da siranta kamar na alƙalami, kuma yana zaune daidai tsakiya. Hatimin roba kuwa layinsa kauri ɗaya ne, jan ya yi yawa a wani gefe ya dushe a wani, wani wuri ya yanke, sau da yawa ma ya ɗan karkace. Jan hatimin roba mai haruffa huɗu da sunan Qianlong alama ce da aka sani ta kayan shekarun 1960 da 1970, wasu ma a Hong Kong ko Macau aka yi musu zanen. Ki duba furannin su ma: in kin ga ƙananan ɗige-ɗige a jere kamar hoton jarida, bugu ne aka manna, ba aikin hannu ba. Ruwan zinari mai ƙyalli kamar madubi shi ma na baya ne, na da yana da laushin launi kuma yakan goge a baki.

Bisa yadda kika siffanta shi, da irin kayan da yake tare da su, na fi karkata ga cewa na tsakiyar ƙarni na 20 ne, irin wanda ake samu a tsarabar aikin hajji ko a kanti. Ban ce tabbas ba, domin tangaran ɗin Sin ba a yanke masa hukunci daga bayani ko hoto. Sai an ɗauka an ji nauyi, an ga launin yumɓun gindi, an ga yadda gilashin ya kwanta. Akwai gwajin kimiyya da ake huda ɗan rami a ɗebi gari a auna tsawon lokacin da ya wuce tun gashinsa na ƙarshe, amma yana da tsada, yana ba da tazara mai faɗi, kuma yana barin tabo. Ban ga dalilin yi wa wannan kwano shi ba. In wani ya ce ki biya kuɗin takardar shaida kafin ya kawo miki mai saye daga waje, ki riƙe kuɗinki.

Kada a ɗauka wannan halin Sin ne kaɗai. Takubba biyu a gicciye na Meissen a Jamus, da suka fara fitowa a farkon shekarun 1720, ƙananan masana'antu da yawa sun kwaikwaye su. Haruffan L biyu a sarƙe na Sèvres a Faransa kuwa, na jabu sun fi na gaskiya yawa a kasuwa.

Kofin ruwan ƙasa

Wannan ne na fi so ki sake dubawa. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, kuma hatimin cibiyar sunan Abuja ne da haruffan Larabci, ana danna shi cikin yumɓu kusa da gindi. Kayansu masu nauyi ne, an gasa su da wutar itace mai tsanani, launinsu ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi-baƙi ko kore mai toka, da zane da aka ja a jiki. Siffar da kika bayar ta yi kama da haka.

In shi ne, yawanci akwai hatimi na biyu a gefensa, na wanda ya gina. LK na Ladi Kwali ne, wadda ta shiga cibiyar a 1954, ta rasu a 1984, ita ce a bayan takardar naira 20. MC na Cardew ne, wanda ya bar wurin a 1965. Wasu magina irin su Halima Audu da Asibi Ido da Danlami Aliyu su ma suna da nasu. Hatimin Abuja shi kaɗai yana nuna gidan da aka yi, na biyun ne ke nuna hannu, kuma masu tara irin waɗannan kaya a Ingila da Najeriya hannun suke bi. Sau da yawa ruwan gilashi yakan malalo ya cike ramin har ba a gani sosai. Ki kwantar da fitila ta gefe yadda inuwa za ta faɗa cikin ramin, ko ki ɗora siririyar takarda ki goga fensir a hankali.

Kafin nan, kada a wanke ko ɗaya daga cikinsu da ruwan bilic ko soson ƙarfe, domin bilic yana shiga ta tsagun gilashi ya ɓata yumɓun daga ciki. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi sun isa, a cikin roba da aka shimfiɗa wa tawul. Masu jan zane da ruwan zinari kuma a daina zuba musu abinci mai tsami, saboda tsofaffin launuka kan ƙunshi dalma. In za ki turo hotuna, ina son kowanne ta gaba da ta baya, da tambarin daga kusa a hasken rana ba da filasha ba, da zoben gindi, da faɗin baki a ma'auni. Na kofin ki haɗa da takardar da kika goga.